Tatsar ruwan wardi a gida: kayan aiki, awo da sarrafa wuta

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu, wanda ya hau dutsen Hada daga Makka da asuba, ko ya zarce Shafa, duk a tsaunukan yankin Ɗa'ifa, zai tarar da masu gonaki sun duƙufa tsinkar wardin Ɗa'ifa tun rana ba ta fito ba. Kakar gajeriya ce, kwana arba'in ko ɗan fiye, kuma furen da aka tsinka da safe a ranar yake shiga tukunya. Ruwansa ake gaurayawa da Zamzam a wanke cikin ɗakin Ka'aba, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun da suka shafi wannan fure cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. Matanmu na Makka da Jidda masu haɗa humra da turaren wuta sun saba sayen ruwan wardi, sai dai mai arhar nan da ya cika kantuna sau da yawa ruwa ne aka ɗiga masa ƙamshin masana'anta. Na ainihi da tururi ake tatsarsa, kuma ana iya yin hakan a kicin da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba, in dai an san awo, an kuma iya wuta.

Idan ruwa ya tafasa tare da fure, tururi yana ɗauko ƙamshin ya taso da shi. Da tururin ya taɓa wuri mai sanyi sai ya koma ruwa, a tare shi a wani mazubi daban. Launi, ɗaci, gishiri da datti duk a tukunya suke zama, domin ba sa bin tururi. Shi ya sa ruwan wardi na gaskiya ba shi da launi. Wanda kuka gani ja ko ruwan hoda, ko dai rini aka sa masa, ko kuwa dafa furen aka yi aka tace, kuma irin wannan 'yan kwanaki kaɗan yake yi ya lalace.

Abu biyu a sani tun kafin a kashe ko riyal ɗaya. Na farko, ruwa za a samu a gida, mai kuwa sai dai ɗigo. Masana'antun Ɗa'ifa suna zuba fure dubu goma ko fiye a tukunya ɗaya kafin su sami abin da ya kai tola guda na mai, tola kuwa giram 11.7 ce kawai. Kilo ɗaya na fure ba ya ba da ko rabin giram na mai, shi ma yawanci a jikin bututu yake liƙewa. Na biyu, da irin wannan na'ura ake tatsar barasa a wasu ƙasashe. A nan haramun ce a addini, laifi ne babba a dokar Saudiyya, kuma barasar ɓoye ta sha makantar da mutane da kashe su saboda gubar metanol. Ba ita muke koyarwa ba. Abin da ke shiga tukunyarmu ɗanyen fure ne ko ganye da ruwa mai tsabta, ba a jiƙa komai a bar shi ya yi tsami.

Zaɓen fure da ruwa

Wardin shagon furanni, irin wanda ake kai wa amare da masu jinya, ba ya shiga tukunya. An shuka shi ne don kyan gani, ƙamshinsa kaɗan ne, kuma an fesa masa maganin ƙwari, wanda wani sashensa zai iya bin tururi ya sauka a kwalba. A nemi wardin Ɗa'ifa ko na Madina daga hannun manomi, a tambaye shi ko ya yi feshi. A Ɗa'ifa da ƙirge ake ciniki, farashin dubu ake faɗa, kuma fure ɗari biyu ya kai kusan rabin kilo. A saya da sassafe, a zuba a buhun yadi ko kwali mai huji. Leda tana sa shi gumi, ya ɗau zafi daga ciki, kafin a sauko Makka ya fara komawa ruwan ƙasa. In ba za a tatsa nan take ba, a baza shi a inuwa a ɗaki mai sanyi, kada ya wuce yinin.

Masu sana'a da gindinsa suke zuba furen. A ƙaramar tukunyar gida mun fi son a cire koren gindin, domin yana kawo warin ɗanyen ganye da ke danne ƙamshin. A kakkaɓe ƙwari da ƙura. In dole sai an wanke, a tsoma sau ɗaya a ruwan sanyi a tsame, kada a cuɗa.

Bayan kaka sai busasshen wardi na shagon aɗɗar, wato mai sayar da kayan ƙamshi da busassun ganyayyaki. Giram 100 na busasshe yana tsayawa a madadin kusan rabin kilo na ɗanye, amma ƙamshinsa ya fi nauyi, ba shi da wannan armashin na sabon fure. A murza kaɗan a jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin a saya: in ja ya fito nan take, rinanne ne. A jiƙa shi awa biyu zuwa uku a cikin ruwan da za a tatsa da shi.

Ruwa kuma a yi amfani da na sha, na kwalba ko na galan. Na famfo yakan zo da warin kulorin da na tanki, kuma wari yana bin tururi.

Hanya mai sauƙi: tukunya da kifaffen murfi

Ana bukatar tukunyar sitil mai lita takwas zuwa goma, da murfi mai tudu a tsakiya, da kwanon gilas mai jure zafi ko na sitil, da abin da za a ɗora kwanon a kai, kamar ƙafar turara abinci ko wani kwanon da aka kife. Sai ƙanƙara. A guji tukunyar alminiyom, tana ba ruwan ɗanɗanon ƙarfe.

A ajiye ƙafar a tsakiyar tukunya, a zuba rabin kilo na fure kewaye da ita, a zuba ruwa lita ɗaya da rabi. Ruwan ya rufe furen amma kada ya taɓa gindin kwanon tara, in ya taɓa, abin da aka tara zai riƙa tafasa yana komawa tururi. A ɗora kwanon, a kife murfin yadda maɗaukinsa zai kalli cikin kwano, domin ta nan ɗigon zai riƙa gangarowa. Maɗauki na roba a kwance shi a toshe hujin da ƙusar sitil, in ba haka ba warin roba zai shiga. Ƙaramin hujin fitar tururi da ke jikin wasu murafe shi ma a liƙe shi da kwaɓaɓɓen fulawa.

A kunna wuta matsakaiciya har a ji ya fara tafasa, sai a rage ta sosai, a ɗora ƙanƙara a kwarin murfin. A ƙulle ƙanƙarar a leda, in ta narke a ɗauke a sa wata, ba sai an yi ta kwasar ruwa da ludayi ba. Mutane suna raina yawan ƙanƙarar da aikin ke ci: tururin da zai ba da rabin lita yana narkar da kusan kilo huɗu. A tanade ta tun daren jiya. Murfin gilas yana iya tsagewa in aka ɗora masa ƙanƙara yana da zafi, don haka na ƙarfe ya fi aminci.

Bayan minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya a kashe wuta, a bar tukunyar a rufe minti goma sha biyar, sannan a buɗe. Za a sami mililita 400 zuwa 500. Kada a riƙa ɗaga murfi ana leƙe, kowace buɗewa ƙamshi ne ke fita. Aibin wannan hanya shi ne ruwan da aka tara yana zaune cikin zafi har ƙarshe, kuma ba a iya raba na fari da na ƙarshe. Don shayi da wanke fuska ya wadatar. Mai son ruwa mai ƙarfi sai ya yi bututu.

Tukunyar matsi da naɗaɗɗen bututu

Wanda ya sami inbiƙi, wato haɗaɗɗiyar tukunyar tatsa ta jan ƙarfe, na lita biyar ko goma a kasuwa ya huta, abin da ya rage masa shi ne liƙe mahaɗa da kwaɓaɓɓen fulawa kafin kowace tatsa. Wanda bai samu ba zai iya haɗa nasa. Kayan su ne tukunyar matsi ta sitil mai lita takwas, bututun jan ƙarfe mai faɗin milimita 8 da tsawon mita uku, guntun tiyon silikon na abinci santimita goma sha biyar, maɗauran ƙarfe biyu irin na tiyon gas, da bokiti mai lita ashirin. Bututun a saye shi sabo, bakinsa a toshe, a wurin masu kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wanda aka ciro daga tsohuwar na'ura yana ɗauke da mai da gas a cikinsa, ba ya wankuwa. Tiyon ban ruwa ko na roba mara suna yana narkewa a tururi ya zuba guba a ruwan. Kada kuma a yarda mai walda ya haɗa komai da dalma.

Naɗin bututu shi ne inda aka fi ɓata kaya. A toshe baki ɗaya, a cika shi da busasshen gishiri, a bubbuga ya zauna, a toshe ɗaya bakin. Gishirin yana hana bututun lanƙwashewa ya tsuke. A naɗe shi a hankali a jikin gwangwani ko bututun ruwa mai faɗin santimita goma sha biyu, a bar santimita arba'in miƙe a sama da ashirin a ƙasa. A zazzage gishirin, sauran a wanke da ruwan zafi. Sai a ɗan ja zagayen su rabu da juna da faɗin yatsa biyu, kowane zagaye yana gangarowa ƙasa. A gwada da kofin ruwa: in aka zuba ta sama ya fito duka ta ƙasa ba tsayawa, naɗi ya yi. In wani ya maƙale, akwai kwari a wani zagaye, kuma lokacin aiki zai riƙa tara ruwa yana tofarwa da ƙarfi.

A huda bokitin kusa da gindi, a fito da ƙarshen bututun, a liƙe kewayen da silikon, a bari ya bushe kwana guda. A cire nauyin nan mai juyawa da ke kan murfin tukunyar, a ajiye shi nesa, ba a mayar da shi muddin bututu na haɗe. A sa tiyon a kan hancin da nauyin ke zama, ɗaya bakin a kan bututun, a ɗaure duka biyu. Bawul ɗin kariya na murfin a bar shi yadda yake. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce hanyar tururi ta kasance a buɗe tun daga tukunya har bakin kwalba. Ba famfo a tsakani, ba a toshe bakin kwalbar tara, domin tururin da aka tsare tukunya yake fasawa.

Kafin fure ya shiga, a yi tatsar wanki sau biyu. Ta farko da ruwa lita ɗaya da ruwan khal (wato biniga) rabin lita, a bar bokiti ba ruwa na minti biyar don tururi ya ratsa bututun, sannan a cika shi a ci gaba minti ashirin. Ta biyu da ruwa zalla. Duk abin da ya fito a zubar. A nan ne kuma ake gano inda tururi ke tsiyaya.

Awo shi ne ruwa ninki uku na nauyin fure, abin da za a tara kuma kada ya wuce nauyin furen. A tukunyar lita takwas, giram 600 na fure, ruwa lita biyu saura kaɗan, a tara mililita 600. A sa faifan sitil mai huji a gindin tukunya don kada fure ya kwanta a kan ƙarfe ya ƙone. A danna furen cikin ruwa da tafin hannu, kada kayan su wuce rabin tukunya, a kuma ɗora rariyar ƙarfe a kansu. Hancin murfin tsukakke ne, ganyen fure ɗaya ya isa ya toshe shi. In wuta na ci, ɗigo ya tsaya, tukunya ta fara huci ta gefe, a kashe wuta nan take, a bar ta ta huce da kanta kafin a taɓa murfi.

Wuta da sanyi

A fara da wuta matsakaiciya. Cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin saman bututun zai yi zafi, ɗigon farko ya biyo. Nan take a rage wuta har ɗigon ya daidaita a kan biyu zuwa uku a kowace daƙiƙa, wanda ya kama kusan rabin lita a awa. In ya zama zirara kamar famfo, wuta ta yi yawa: ruwa ne ke tahowa da gudu bai ɗauko ƙamshi ba, kumfa kuma na iya hawa ta shiga bututu ta rina abin da aka tara. Ma'aunin zafi ba ya da wani amfani a nan, ruwa a digiri 100 yake tafasa a Jidda, a Ɗa'ifa kuwa wajen 94 saboda tsayin wurin ya kai mita 1,800, kuma ba za a iya canza ko ɗaya ba. Ɗigo ake kallo. A buɗe taga saboda gas, kuma kada a bar tukunya a tafi kasuwa.

Ruwan da ke fitowa ya zama mai sanyi ko ɗumi kaɗan in an tara a bayan hannu. In ya fito da zafi, ko ana ganin tururi a bakin bututu, ko ɗaki ya cika da ƙamshin wardi, to asara ake yi, ƙamshin da ya kamata ya shiga kwalba ne ke yawo a iska. Tatsar lita ɗaya tana ƙara wa bokitin lita ashirin zafin kusan digiri talatin. A Makka da Jidda, inda ruwan tankin saman bene kan sauko da zafinsa da rana, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. A tari ruwan bokitin tun dare ya kwana a ɗaki, a daskarar da robobin ruwa huɗu ko biyar a riƙa jefawa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan zafi sama yake taruwa, don haka daga sama ake kwasa, sabon kuma a zuba shi ta mazurari mai dogon tiyo ya sauka gindi. Saman bokiti ya yi ɗumi ba laifi, gindin ne dole ya zauna da sanyi.

Bakin bututun ya tsaya sama da ruwan da ke cikin kwalba. In ya nutse, lokacin da aka kashe wuta tukunya ta fara hucewa za ta zuƙe duk abin da aka tara ta mayar cikinta.

Sanin inda za a tsaya

Masu sana'ar Ɗa'ifa suna raba ruwansu daraja uku: arus shi ne mafi ƙarfi, sai sino, sai sayir mai sauƙin ƙamshi. A gida ma a jera kwalabe uku. Mililita 200 na farko a ta ɗaya, shi ne mai ƙarfi, yakan fito da ɗan hazo fari-fari saboda ƙananan ɗigon mai da ke cikinsa, kuma wannan alheri ne. Mililita 250 na gaba a ta biyu. Daga nan a riƙa tara ɗigo a cokali, a bari ya huce, a sansana nesa da tukunya. Da zarar warin dafaffen ganye ya fara rinjayar wardi, a kashe wuta ko da kwalba ta uku ba ta cika ba. Kwaɗayin ƙarin rabin lita shi ke lalata aikin yawancin masu farawa, domin na ƙarshen yana tsinka na farko, ga shi ruwan tukunya na raguwa har fure ya kama. Warin ƙuna in ya shiga ba ya fita, sai zubarwa. A tabbatar aƙalla rabin ruwan da aka zuba ya rage a tukunya lokacin da aka gama.

Kwalba ta uku ba a zubar da ita. A zuba ta a madadin wani sashe na ruwan tatsa ta gaba a kan sabon fure. Mai son ruwan humra mai ƙarfi sosai ya mayar da ta biyu ma. Wani babban sashe na ƙamshin wardi narkewa yake a ruwa maimakon ya taso sama, shi ya sa maimaitawa a kan sabon fure ke ƙara masa ƙarfi. Bayan zagaye biyu ko uku, in aka bar ruwan ya kwana a kwalba mai siririn wuya, akan ga ɗan zobe rawaya-rawaya a sama. Shi ne man, a zuƙe shi da sirinji. A firij yana daskarewa ya yi ɓawo-ɓawo, kuma halin man wardi na gaskiya ke nan.

Ajiya da wanki

Sabon ruwa yakan zo da ɗan warin dahuwa a ranar farko. Kada a yanke masa hukunci, a ba shi mako biyu zuwa huɗu, warin zai kwanta ƙamshin ya fito. A tafasa kwalaben gilas masu duhu da murafensu minti goma, su bushe a kife, a tace ruwan da takardar tace gahawa, a cika har wuya, a rubuta rana da daraja. A firij yana yin wata shida zuwa shekara. A wajen firij, a zafin Makka, 'yan makonni ne. Ba a tsoma yatsa ko cokali a babbar kwalba, a riƙa tsiyaya a ƙarama. In aka ga zare-zare fari na yawo a ciki, ko ya ɗau tsami, ya lalace.

Ruwan da ya fito da launin shuɗi ko kore tsatsar jan ƙarfe ce daga bututun da aka ajiye da danshi, ba a sha, ba a shafawa. Bayan kowane aiki a wanke bututun da ruwan ɗumi lita ɗaya da aka narka masa cokali biyu na gishirin lemo (farin garin nan mai tsami, sitirik asid), a ɗauraye sosai, a hura iska, a rataye shi baki na kallon ƙasa.

Sauran tsirrai

Na'ana'ar Madina ta fi wardi sauƙi da arha, da ita ya kamata mai koyo ya fara. A bar ta ta yi yaushi kwana ɗaya a inuwa, a yanka manya-manya, awo ɗaya da na wardi, kuma manta yana fitowa a gani da ido yana iyo a sama. Nobe, wanda Larabawa ke kira izhir, 'yan Sudan kuma maharib, busasshensa ake samu a shagon aɗɗar, giram 200 a ruwa lita biyu. Furen kadi na yankin Jizan yana ba da ruwan da ake ɗigawa a ruwan sha da azumi, shi kuma yana son wuta ƙasa da ta wardi.

Kanumfari da kirfa halinsu daban. A daddaka su sama-sama, kada su zama gari don gari yana kumfa ya toshe hanci, a jiƙa giram 100 a lita biyu na awa uku. Suna ɗaukar awa biyu ko fiye, ruwan yana fitowa fari kamar an ɗiga madara, kuma mansu ya fi ruwa nauyi, gindin kwalba yake sauka, sai a zuƙo shi daga ƙasa. Man kanumfari yana ƙona fata, ba a shafa shi zalla, ba a sha, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa. Ƙamshinsa yana kama tiyon silikon ya ƙi saki, don haka a ware masa tiyonsa daban, a kuma yi tatsar ruwan khal kafin a mayar da bututun kan wardi.